Yaron da Ba Ya Ji: Jawabi ga Iyaye da Masu Riƙon Yara



Wannan jawabi ya shafi wani yaro ne wanda da wuya a sami garin da ba a san irinsa ba a ƙasar nan. An haife shi lafiya lau, an yi suna, an yanka rago. Yana shan nono, yana dariya, ya zauna a kan lokaci, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafafunsa. Sai ga shi ya shekara biyu bai ce "baba" ba. Kakarsa ta ce nauyin baki ne kawai, ai ubansa ma sai da ya daɗe kafin ya yi magana. Da ya shekara uku aka kira wanzami ya yanke masa linzami. Da ya shekara huɗu aka shiga neman taimako, yau rubutu, gobe turare, jibi an ji labarin wani mai magani a wani ƙauye mai nisa. Kafin a kai shi inda za a auna kunnensa, tsararrakinsa sun shiga aji biyu na firamare, shi kuwa yana zaune a ƙofar gida, yara na tsokanarsa suna kiransa bebe.

Ba wanda zai ce iyayen nan ba su ƙaunar ɗansu. Sun sayar da akuya, sun ci bashi, sun sha tafiya. Abin da ya kuɓuce musu guda ɗaya ne, amma shi ne babba. Duk shekarun da suka yi suna neman maganin kunne, yaron yana zaune ba shi da harshen da zai yi tunani da shi, ko ya yi tambaya, ko ya faɗi abin da ke damunsa. Wannan rashi ya fi rashin jin kansa yi masa illa, kuma shi ne wanda iyaye ke da ikon hanawa ko da ba su da ko kwabo.

Ya kamata a fahimci yadda abin yake. Magana ta kunne take shiga kafin ta fito ta baki. Jariri yakan shafe watanni yana sauraron uwarsa da yayyensa, sa'an nan ya fara kwaikwayo. Wanda bai ji ba, ba shi da abin kwaikwaya. Saboda haka mafi yawan waɗanda ake kira bebaye, harshensu da maƙogwaronsu lafiya ƙalau suke, hankalinsu kuma daidai yake da na kowa. Yanke linzami ko cire beli ba ya ƙara musu komai sai zubar da jini da haɗarin kamuwa da wata cuta. Har ila yau, masana sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi saurin karɓar harshe a shekaru uku na farko, daga nan ƙofar takan riƙa rufuwa a hankali. Yaron da ya kai shekara bakwai ko takwas bai mallaki kowane irin harshe ba zai iya koyo daga baya, amma da wahala ƙwarai, kuma sau da yawa ba ya cike giɓin har tsufansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin farin ciki shi ne ƙwaƙwalwa ba ta damu da ƙofar da harshen ya shigo ba. In ya shigo ta kunne ta karɓa, in ya shigo ta ido, watau ta maganar hannu, ta karɓa.

Matsalar ba ta wani gida ɗaya ba ce. A rahoton da ta fitar a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji wanda ke buƙatar taimako, ta kuma ce kimanin kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara yana faruwa ne saboda dalilan da za a iya kauce musu.

Daga cikin waɗannan dalilai, sanƙarau ne ya fi barin tabo a jihohin Arewa, domin suna cikin yankin da cutar ke ɓarkewa lokacin rani, musamman in zafi ya tsananta. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tsira kuwa akwai yara da yawa da suka tashi daga jinya ba su ƙara jin muryar iyayensu ba. An fara allurar rigakafin nau'in da ya fi yin ɓarna a 2011, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Duk yaron da ya warke daga sanƙarau, lalle ne a auna jinsa ba tare da ɓata lokaci ba, ko da ana ganin kamar ya murmure sarai. Ƙyanda da hangum su ma suna kashe kunne. Allurar ƙyanda kyauta ake yin ta a asibitocin gwamnati, ta farko in yaro ya cika wata 9, ta biyu in ya cika wata 15.

Akwai kuma shawarar da ke kama jarirai a kwanakin farko, inda ido da fata kan koma ruwan ɗorawa. Mutane da yawa sun ɗauke ta ƙaramin abu, sai a shanya jaririn a hantsi ko a ba shi jiƙo. In ta yi tsanani takan taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyar ji, ɓarnar kuwa ba ta gyaruwa. A asibiti ana maganinta da wata fitila ta musamman, in dai an kai jaririn da wuri. A kuma guji ajiye kayan jariri tare da ƙwayoyin kafur ɗin nan da ake sa wa a akwati, domin suna iya tayar da cutar ga jariran da ke da wani rauni na gado a jininsu, raunin da ya yawaita a ƙasar nan. Doguwar naƙuda wadda ta sa jariri ya fito bai yi kuka nan da nan ba, da haihuwar bakwaini, su ma dalilai ne da za su sa a nemi awon kunne.

Sauran dalilan suna cikin gida. Kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya wata da watanni ba abin da za a ce yaro zai girma ya bari ba ne. Ɗiga man ja ko ruwan ganye, da sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza, ƙara ɓata shi suke yi. Mari a kan kunne yana iya fasa dodon kunne. Wasu allurai masu ƙarfi, irin su jentamaisin da sitireftomaisin, suna ceton rai a hannun likita, amma a hannun mai yawon allura ko ɗan kemis wanda bai san ƙa'idarsu ba sukan kurumtar da yaro har abada. Wani rashin jin kuwa gado ne, yakan fito ko da uwa da uba duk suna ji sarai, ya kuma fi yawa inda aka daɗe ana auren zumunci. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Irin wannan gado yawanci daga ɓangarori biyu yake haɗuwa, na uba da na uwa. Babu dalilin da zai sa a ɗora wa mace laifi, a ce ta yi wanka da almuru ko ta tsallake wani abu da ciki, balle a kai ga sakinta saboda ta haifi kurma. Yaron da ya rasa ji, aka kuma raba shi da uwarsa, an haɗa masa zafi biyu.

To, yaya iyaye za su gane da wuri? Abin da ke ruɗar mutane shi ne jaririn da ba ya ji shi ma yana kuka, yana dariya, har yana ɗan gurnani kamar kowane jariri. Bambancin a hankali yake bayyana. Jariri mai ji yakan firgita in an buga ƙofa da ƙarfi. In ya kai wata uku zuwa huɗu yakan yi shiru ya saurara in ya ji muryar uwarsa. Wajen wata shida yakan juya kai ya nemi inda ƙara ta fito, ya kuma fara gwaranci irin na "ba-ba-ba" da "da-da-da". Kafin ya cika shekara ya san sunansa. In ya shekara ɗaya da rabi yana da 'yan kalmomi, in ya shekara biyu yana haɗa kalma biyu. Wanda ba ya ji, gwarancinsa kan ragu maimakon ya ƙaru, sai a ga ya ƙura wa fuskar mutane ido ƙwarai, ya kuma yi ta barcinsa ana daka a gefensa. Uwa na iya gwadawa ta sa wani ya tsaya bayan yaron, inda ba zai gan shi ko inuwarsa ba, ya kaɗa cokali a kwano ko ya kira sunansa. Kada a buga ƙafa a ƙasa, domin kurma na jin girgiza a jikinsa, sai ya waiwaya a zaci ya ji. Wannan gwaji na gida ba hukunci ba ne. In ya bar shakka a zuciyar uwa, shakkar ta isa dalilin zuwa asibiti, kuma sau da yawa uwa ce kan riga kowa lura, sai a yi ta kwantar mata da hankali har lokaci ya ƙure.

Awon asibiti ba shi da zafi. Akwai wata 'yar na'ura da ake sa wa a bakin kunnen jariri yana barci, cikin 'yan mintoci ta nuna ko kunnen na amsa sauti. Shawarar masana ita ce a yi wannan gwaji kafin jariri ya cika wata ɗaya, in an ga alama a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Akan same ta a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa da wasu manyan asibitoci, da kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1999. Ma'aikacin ƙaramin asibiti na iya ba da takardar turawa.

In awo ya tabbatar, likita zai bayyana ko matsalar mai warkewa ce. Wani yaron dattin kunne ne ya toshe shi, wani ruwa ne ya taru bayan dodon kunne, waɗannan ana maganinsu. Wani yana da sauran ji, na'urar ƙara ji za ta amfane shi, muddin an auna an daidaita ta da kunnensa, ana sauya batir, ana kuma koya masa sauraro da magana. Wadda aka saya a kasuwa ba awo tana iya ƙara lalata ɗan abin da ya rage. Akwai kuma na'urar da ake dasawa a cikin kunne ta hanyar tiyata, amma kuɗinta miliyoyin Naira ne, tana kuma buƙatar horo na shekaru bayan aikin, saboda haka ba kowane gida ne zai iya ba. Gaskiyar da ba a son ji ita ce in jijiyar ji ta mutu, babu sassaƙe ko ƙwaya ko addu'ar haya da aka sani tana mayar da ita. Duk wanda ya karɓi kuɗi da alkawarin buɗe kunnen kurma cikin kwana bakwai, aljihunsa yake yi wa magani.

Ko an sami na'ura ko ba a samu ba, aikin gida ɗaya ne, watau a fara yi wa yaron magana da hannu tun ranar da aka yi zaton ba ya ji. Wasu iyaye na tsoron in ya saba da hannu ba zai koyi magana da baki ba. Bincike bai nuna haka ba. Yaron da ya riga ya san cewa kowane abu yana da suna ya fi saurin koyon furuci da karatu a kan wanda aka bari cikin duhu. Wasu kuma kan ce ai zai koyi karanta leɓe. A gwada tsayawa gaban madubi a faɗi "kaya", "ƙaya" da "gaya" ba tare da fitar da murya ba, za a ga bakin bai nuna wani bambanci ba. Haka "bari", "ɓari" da "mari". Balle kuma "gari" na zama da "gari" na tuwo, waɗanda jan wasali kaɗai ya raba su, abin da ido ba ya kamawa. Karanta leɓe taimako ne, amma rabinsa cinke ne, ba zai ɗauki nauyin tarbiyyar yaro ba.

Maganar hannu kuwa ba nune-nune ba ne kurum kamar yadda ake zato. Harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, da shi ake ciniki, a yi gardama, a yi barkwanci, a ba da labari. Kurame a ƙasar Hausa sun daɗe da nasu, wanda suka gada daga manyansu, har wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarce shi, ta fitar da littafi a kansa a 2000. Wanda aka fi koyarwa a makarantu kuwa ya samo asali ne daga na Amurka. Dokta Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne, yana cikin waɗanda suka kawo shi, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa irinta kimanin talatin a Afirka. Kada iyaye su tsaya ruwan ido kan wanne za su zaɓa. Wanda ke kusa shi ne mafi amfani. Kusan kowane gari akwai wurin da manyan kurame ke taruwa su yi hira, wani tela ne, wani kafinta, wani mai wankin mota. Waɗannan su ne malaman da ba a biya ba. Uban da ya ɗauki ɗansa ya kai shi wurinsu ya zauna tare da shi, zai koyi alamomi da dama a zama ɗaya, yaron kuma zai ga cewa irinsa na girma su yi sana'a su yi aure.

A cikin gida, ƙananan abubuwa ne ke aiki. A taɓa kafaɗarsa ko a ɗaga masa hannu kafin a fara magana, kada a jefe shi da tsakuwa don ya waiwayo. A tsuguna daidai tsawonsa, fuska a cikin haske. A nuna masa abin, a yi alamarsa, a faɗi sunansa da baki gaba ɗaya: ruwa, tuwo, akuya, zafi. Kowa a gidan ya sami alamar sunansa. In ana dariya a gaya masa abin da ya ba da dariya, in za a yi tafiya a gaya masa inda za a je, in an yi rasuwa a gaya masa wanda ya rasu. Yaro mai ji yana tsintar rabin iliminsa ne daga hirar da ba da shi ake yi ba, kurma kuwa sai abin da aka nufe shi da shi. Mutane kan ce bebe na da zafin zuciya. Duk wanda aka zaunar da shi shekara biyar cikin mutanen da ke motsa baki suna dariya, ya nemi ruwa aka miƙo masa takalmi, shi ma zai yi jifa da kwano. In yaro ya sami hanyar faɗar abin da yake so, yawancin wannan fushi yakan kwanta da kansa.

Kada kuma tausayi ya sa a sangarta shi. A aike shi, a ba shi shara, a tsawata masa in ya yi laifi, amma a tabbata ya gane laifin. Nauyin kuwa kada a bar wa uwa ita kaɗai. A gidaje da yawa uwa da ƙaramar ƙanwa ne kaɗai ke iya magana da kurman gidan, uba sai dai ya ce "gaya masa kaza". Ɗan da bai taɓa yin hira da ubansa ba, maraya ne da uba a raye.

Abu biyu na buƙatar tsaro na musamman. Na farko titi, domin kurma ba ya jin odar mota ko ƙarar babur daga baya, sai a koya masa tafiya yana fuskantar abin hawa da duba ko'ina kafin ya tsallaka. Na biyu ya fi nauyin faɗa. Miyagun mutane sun fi auka wa yaron da suka san ba zai iya kai ƙara ba, musamman 'ya mace. Wajibi ne a koya mata alamomin sassan jikinta, da alamar "a'a", da alamar kowane mutum da ke shiga gidan, yadda in wani abu ya faru za ta iya faɗar ko wane ne. A kuma gaskata ta in ta faɗa. Ɗora wa irin wannan yarinya talla ita kaɗai ganganci ne.

Game da makaranta, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe ga ilimin yara masu buƙata ta musamman. A shekarar ce aka kafa kwalejin horar da malamansu ta tarayya a garin Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Jami'ar Jos na horar da irin waɗannan malamai, Jami'ar Ilorin kuma na da cibiyar da ke taimaka wa ɗalibai kurame da tafintoci. Akwai kuramen Nijeriya da suka yi digiri, suna koyarwa, suna aikin gwamnati. Wayar hannu ta ƙara buɗe musu ƙofa, domin wanda ya iya rubutu zai yi ciniki da saƙo, ya kuma yi maganar hannu da ɗan'uwansa ta hoton bidiyo.

Doka ma tana bayansu. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu a 2010. A watan Janairu 2019 Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta umarci ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga wanda ya nuna musu bambanci. Ta haramta amfani da mai naƙasa wajen bara, wannan kuwa ya haɗa da iyayen da ke rataya wa ɗansu kwali a wuya su tura shi tasha. Ba abin ɓoyewa ba ne cewa tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da ke ƙasa akwai sauran tafiya: makarantun ba su wadatar ba, malaman da suka iya maganar hannu sun yi kaɗan, ƙauyuka da yawa ba su da ko ɗaya a kusa. Amma uban da ya san dokar ba zai juya da ɗansa gida don shugaban makaranta ya ce "ba ma ɗaukar irinsu" ba. Zai wuce ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ko ofishin jin daɗin jama'a, ko reshen Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa na jiharsa. In iyaye goma a gari ɗaya suka haɗu suka nemi a buɗe aji guda a firamarensu a kawo malami, an fi saurarensu a kan mutum ɗaya.

Yawancin makarantun kurame na kwana ne, kuma a nan akwai wani abu da malamansu suka daɗe suna kuka da shi. Akan kai yaro a ajiye, ba ziyara, ba aike, in hutu ya zo sai an yi ta neman mai zuwa ɗaukarsa. Yaron kuwa ya dawo gida da harshe a hannunsa, cike da labarai, ya tarar babu mai gane shi, har ya ƙosa hutu ya ƙare. Iyayen da suka kai ɗansu irin wannan makaranta su roƙi malamai takardar haruffan hannu da hotunan alamomin da ake koya wa ajinsa, su manna a bangon ɗaki. In ya zo hutu a ba shi wani lokaci bayan cin abincin dare, shi ne malami, uba da uwa da yayye su ne ɗalibai, ya koya musu alama biyar kowace rana.